Ƙaramin Jirgin da Kwamanda Ya Ƙi

Nguru.

Zuwa ga ɗana Modu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa, ina fata ka isa Gashua lafiya, ka sami Gwaggonka Falmata da yaranta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe, Ya tsare ka a tudu da cikin ruwa. Amin.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, tunda shekaranjiya ka bar shi, kuma babu abin da ya canja sai shirun da ya ƙaru. Dalilin da ya sa na zauna rubutu maimakon in kira ka a waya, ka san shi. Ni da kai in muka fara magana, murya ce ke riga hankali isowa. Takarda kuwa ko ta ba ka haushi sai ka ajiye ta, ka sha ruwa, ka dawo ka same ta a inda ka bar ta.

Ga maganar a fili. Ka gama horonka na hafsan sojan ruwa, an tura ka bakin tafkin Chadi kan ƙananan jiragen sintiri, kai kuma babban jirgi kake so a Legas. Ka roƙe ni in kira Bitrus, abokin karatuna, wanda ya kai ƙololuwar aikin nan kafin ya yi ritaya, kuma har yau in ya yi tari ana jin sa a hedikwata. Kana so ya sa baki a canja maka wuri. Na ce maka zan duba. Ka tashi ka bar tuwonka, da safe ka hau mota. Mahaifiyarka kuma tun ranar take ajiye mini abinci ba tare da ta ce ga shi ba. Kai ne autanta, kuma ta san abin da ake fama da shi a tafkin nan kamar yadda kowa a Yobe ya sani. Ban ga laifinta ba, ban kuma ga naka ba. Amma kafin ka ji amsata, sai ka ji labarin mutumin da ke cikin hoton ɗakina.

Ka san hoton: ni a tsaye cikin kwat ɗin da ta fi ni girma, kusa da wani tsohon Bature mai sanda. Tun kana yaro kake tambaya, nake ce maka malamina ne. Ko darasi ɗaya bai taɓa ba ni a aji ba. Lokacin da aka ɗauke mu aiki, jirgin ƙasa na shiga daga nan Nguru zuwa Kano, daga can na wuce kudu, bayan horon farko kuma aka zaɓi wasunmu aka tura Ingila ƙarin karatu. Al'adar makarantar ce a haɗa ɗaliban da suka zo daga nesa da wasu iyalai na garin, ranar Lahadi su kira ka cin abinci, don kada kaɗaici ya kashe ka. Ni aka haɗa ni da gidan wata malamar makaranta da ke riƙon mahaifinta, tsoho da ya haura tamanin. Kowa a unguwar Kwamanda yake ce masa, don muƙamin da ya bar aikin sojan ruwa a kansa ke nan. Gidan yana kan tudu, tagarsa na kallon kogin da muke koyon tuƙi a cikinsa, shi kuma kullum yana bakin tagar da tabaron hangen nesa, yana gyara wa mutanen da ba sa jin sa kurakuransu.

Ranar farko ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Legas. Ya ce na san ruwa? Na ce a aikin nan na fara saninsa. Ƙarya nake yi. A Dagona na girma, kakanka manomin shinkafa ne kuma masunci, na iya riƙe gorar tura kwale-kwale tun kafin in iya ɗaure wandona. Amma a lokacin gani nake kwale-kwale abin kunya ne a gaban mutanen da suka mallaki teku. Ina so a ɗauke ni ɗan birni.

Ba a jima ba asirina ya tonu. Wata rana muna atisaye a kogin, ruwa ya janye, ƙaramin jirginmu ya kafe a taɓo. Yaran Turawa suna ta ja da filafili, jirgin ko motsi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye a baya ba, na juya filafili na kafa shi a ƙasa kamar gora, na jingina da kafaɗa, muka fita. Da Lahadi ta zo, ko zama ban yi ba tsohon ya nuna ni da sandarsa.

Ya ce, "Kai, zo nan. Mutumin da ya fara sanin ruwa a bara ba ya tsayuwa haka a jirgi. Wa ya koya maka?"

Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya. Ina jiran ya yi dariya, sai na ga ya jawo kujera. Ya shiga tambayata. Kogin naku yana da zurfi? Da rani fa? Yashin yana zama wuri ɗaya ko yana tafiya? Yaya kuke gane inda ba zurfi in ruwan ya yi duhu? Na ba shi labarin yadda ruwa ke yin laushi a fuska in ya hau kan tudun yashi, da yadda ciyawa ke kwanciya ta nuna hanyar ruwa, da inda tsuntsaye ke tsayawa da ƙafa a tsakiyar fadama. Har miyar 'yarsa ta huce bai taɓa cokali ba. Daga ƙarshe ya ce, "An taɓa ba ni kogi. Na ƙi."

To, wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shawarar da ke cikinsa gajeriya ce. Kada ka ɓoye inda ka fito. Abin da nake jin kunyarsa shi kaɗai ne abin da na fi 'yan ajinmu sani.

Labarin aikinsa bai ba ni shi rana ɗaya ba, gutsure-gutsure na tsinta a Lahadi da yawa. A zamaninsu tun yaro yana ɗan shekara goma sha uku ake raba shi da uwarsa a sa masa kaki. Shi ya tashi ne a lokacin da ƙarfin ƙasa ake auna shi da manyan jiragen yaƙi masu sulken ƙarfe. Ya ce jirgin da aka fara kai shi, mutanen cikinsa sun fi na ƙauye guda, akwai mai gasa burodi, akwai maƙeri, akwai likita, akwai limaminsu. Bakin igwarsa mutum siriri zai iya rarrafawa ya shiga, harsashinta kuma sai da ƙugiya da inji ake ɗaga shi. Duk yaron da ya shiga aikin, burinsa ɗaya ne: wata rana ya tsaya a saman irin wannan jirgi a matsayin kyaftin.

Abu biyu yake yawan komawa kansu daga ƙuruciyarsa. Na ɗaya ranar lodin kwal. Jiragen lokacin da kwal suke tafiya, kuma ranar da za a yi lodi babu hafsa babu ƙaramin soja, kowa sai ya sa tsummansa ya shiga. Wasu na cika buhu, wasu na turawa a baro, ƙura ta rufe kowa har ba ka gane mai ba da umarni sai ya yi magana. Ya ce a ranar ce sojoji ke yanke wa kowane hafsa hukunci a zuciyarsu, kuma hukuncin ba ya canjawa. Na biyu kuma ɗan ƙaramin jirgi mai tururi da ake ba yaran hafsoshi su riƙa kai saƙo da mutane tsakanin babban jirgi da gaɓa. Yana yaro aka ba shi, da mutane kaɗan a ƙarƙashinsa, duk sun haife shi. In iska ta taso shi ke yanke shawara, in ya daki gaɓa shi ke shan faɗa.

Ya ce mini, "A duk aikina, wannan ne kaɗai jirgin da na taɓa cewa a juya dama aka juya saboda ni na faɗa."

Sai babban yaƙin duniya na farko ya zo. Na zaci a nan zan ji labarin jarumta, na gyara zama. Ya ce yawancin yaƙin a tashar jirage suka yi shi, cikin sanyi, suna jiran abokan gaba su fito, suna goge tagulla. Aikinsa lissafin igwa ne. Wurin zamansa wani ɗaki ne can ƙasa, ƙarƙashin sulke, ba taga. Ana aiko musu da nisa da gudun jirgin abokan gaba ta bututun magana, su lissafa, su aika wa masu harbi. Sau ɗaya tak manyan jiragen ɓangarorin biyu suka haɗu, wata yamma cikin hazo. Ya ji jirgin yana girgiza, fenti yana zubo masa a ka, ya ci gaba da lissafi. Da aka gama ya hau sama, bai ga komai ba sai ruwa. Daga baya ya ji cewa wasu jiragen da abokansa ke ciki sun tashi gaba ɗaya da mutanensu.

Na ce, "Ba ka ga abokan gaba ba ko sau ɗaya?"

Ya ce, "Na ga lambobinsu."

Bayan yaƙi aka ba shi kogin da ya ambata. Ƙasarsu na da ƙananan jiragen sintiri a wani babban kogi a ƙasar Sin, masu lebur ɗin gindi saboda rashin zurfi, igwarsu ƙanana, mutanensu ba yawa. Aka ce ya je ya riƙe ɗaya. Shi kuwa ya ga wulaƙanci ne. Mutumin da ya yi lissafin manyan igwa, a tura shi cikin taɓo da zazzaɓi, inda babu wani babba da zai gan shi balle ya tuna da shi ranar ƙarin girma? Yana da kawu babban hafsa. Ya je ya same shi, kawun ya rubuta 'yar takarda, aka soke sunansa, aka tura shi makarantar igwa. Ya ƙware ƙwarai. Ya ce a lokacin babu wanda ya kai shi sanin yadda iska da zafin bakin igwa ke karkatar da harsashi. Ya yi ta zama a manyan jirage, kullum kusa da manya, kullum na biyu ko na uku.

Abin da bai lissafa ba shi ne manyan jiragen za su ragu. Tsadarsu ta ishi ƙasashe, aka yi yarjejeniya aka rage su, hafsoshi suka yi wa jirage yawa. A tsarinsu kuma akwai 'yan shekarun da in ba a ɗaga ka a cikinsu ba, shi ke nan, ƙofa ta rufe. Da aka zo duba takardunsa, yabo ne daga sama har ƙasa, sai abu ɗaya: bai taɓa riƙe jirgi da kansa ba. Aka tsallake shi. Aka sake tsallake shi. Ya yi ritaya, aka ba shi muƙamin Kwamanda na sallama. Da yaƙi na biyu ya zo aka dawo da shi aka ba shi tebur da ɗalibai, yana koyar da lissafin igwa, a rediyo kuma yana jin yadda jiragen sama ke nutsar da irin jiragen da ya ba rayuwarsa. Bayan yaƙin aka ja sauran zuwa wurin masu yanka ƙarfe.

Ba ya ba da labarin nan da kuka. Yana faɗa ne kamar mai karanta rahoton wani. Sau ɗaya kawai na ga fuskarsa ta canja, ranar da na tambaye shi wa aka tura kogin a madadinsa. Ya goge gilashin tabaronsa, ya ce bai taɓa tambaya ba.

Yanzu za ka ce wanda ya ji duk wannan da kunnensa ai ya tsira. To, saurara ka ji wautar ubanka.

Da muka dawo gida aka fito da wuraren aiki. Ni aka tura ni ƙaramin jirgin sintiri a cikin rafukan kudu, inda ruwa ke ratsa daji, ga sauro, ga masu fasa-ƙwauri. Na dubi farin kakina, na dubi takardar shaidar Ingila, na ce ba da ni ba. Akwai wani babban hafsa da ya san wani ɗan'uwan kakarka. Na sayi turare na je gaishe shi. Ban ma gama bayani ba ya gane, ya ce in bar masa. Aka soke sunana, aka mai da ni mai taimaka wa wani oga a Legas. Ina riƙe masa sanda da jaka, ina buɗe masa ƙofar mota, ina sanin wanda zai zauna kusa da wa a wurin liyafa. Wallahi a lokacin ko sau ɗaya Kwamanda bai faɗo mini a rai ba. Gani nake labarinsa na tsofaffi ne da jiragen kwal, ni kuma ɗan zamani ne. Bambancina da shi ɗaya ne: ni na san wanda aka tura a madadina, don a jikin allo na ga an goge sunana an rubuta nasa. Bitrus ne.

Ka lura da wannan, Modu. Wurin aiki ba ya zama babu kowa. In an cire sunanka, na wani za a sa, kuma yawanci wanda ubansa ba shi da lambar kowa. Ba ina ce maka kada ka taɓa neman alfarma a rayuwa ba, duniya ce, kowa na nema. Amma ka san a kan wa take sauka.

Na yi shekaru ina jin daɗi. Ina zuwa Nguru hutu da mota, mutane na cewa ɗan Dagona ya zama babban mutum. Baffanka Gambo ne kaɗai ke tsokanata. In na je gaishe shi sai ya kama tafin hannuna ya shafa, ya ce, "Sojan ruwa, wannan hannun naka ko ruwan alwala yana taɓawa kuwa?" Ina dariya, amma maganar tana shiga.

Da lokacin ƙarin girma ya matso, sai aka ce ba a wuce wannan mataki sai mutum ya riƙe jirgi. Oga ya yi mini hanya aka ba ni wani matsakaici. Na iya duk abin da ke cikin littafi, amma ban saba a jira magana daga bakina ba. Wata rana da hantsi, ba hadari ba iska, muna shiga bakin wani kogi, wani babban baƙo yana jiranmu a gaɓa don ya duba jirgin, mu kuma mun makara. Ina tsaye a sama na ga fuskar ruwa ta yi laushi a gabanmu, launinsa ya ɗan sauya. Na san wannan alamar tun ina yaro. Amma taswira ta ce akwai zurfi, kuma ina hango motocin baƙon a gaɓa. Na zaɓi taswira, don ita ce ba za ta sa in ƙara makara ba. Ban ce a rage gudu ba. Muka hau yashi, jirgin ya tsaya cak, kofunan shayi suka zube.

Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji rauni. Muka zauna a nan muna jiran ruwa ya dawo, baƙon yana kallonmu, mata masu sayar da kifi suna wucewa a kwale-kwale suna ɗaga mana hannu. Sojojina suka tuɓe takalma suka shiga taɓo, suna sauke kaya a ƙananan jirage don jirgin ya yi sauƙi. Ni kuma na tsaya a sama cikin farin kaki ina ba da umarni da lasifika. Sai da na ga yadda suke ɗago kai suna dubana, ba da fushi ba, da wani irin kallo na an gama magana, sannan lodin kwal ya faɗo mini. Amma a lokacin ko na sauka an riga an yanke hukuncin.

Aka kafa kwamiti, aka yi mini adalci, ba a kore ni ba. Ba a dai sake ba ni jirgi ba. Na ƙarasa aikina a ofis da makarantar horo, na yi ritaya a muƙamin Kwamanda. Ka ga har inda muka tsaya da tsohon nan ɗaya ne. Bitrus kuwa ya fito daga rafukan nan da zazzaɓi a jininsa da tabo a ƙafa, amma tun yana ƙaramin hafsa ya saba a ce masa "me za a yi?" ya ba da amsa. Daga ƙaramin jirgi aka ba shi na gaba, daga nan na gaba.

Abin da zan ce maka a kan wannan ba shi da yawa. In idonka ya ga abu, takarda ta ce wani abu, rage gudu tukuna, ko wane ne ke jira a gaɓa. Wanda ke jira zai yi fushi ya huce. In mutanenka sun shiga taɓo, cire takalmi ka shiga. Ka ci abin da suke ci, ka san sunan kowa da garinsu, ka san wanda matarsa ke da ciki. Kada ka yi musu alkawarin abin da ba a hannunka yake ba. Kuma kada ka bar salla saboda sintiri, ana yinta a jirgi, na gani.

Kada ka ɗauka ina ce maka ƙaramin jirgi hanyar girma ce tabbas. Ba haka ba ne. Cikin waɗanda aka tura rafukan tare da Bitrus akwai wanda bai dawo ba, na je jana'izarsa da farin kakina. Cikin waɗanda suka karɓi kogin da Kwamanda ya ƙi, shi da bakinsa ya ce wasu sun zama manya, wasu zazzaɓi ya binne su a can. Inda za ka kuma ya fi duka biyun haɗari. Ina da kunne, ina jin abin da direbobin kifi ke faɗa a kasuwa. Abin da na sani kawai shi ne aikin sojan ruwa na zamaninka a can yake, cikin ruwa marar zurfi da ciyawa da tsibiran da ke canja wuri, kamar yadda na zamanin Kwamanda ya bar manyan igwa yana zaune a gindinsu. Kuma ruwan can ɗan'uwan ruwanmu ne, kogin da ya wuce ta Gashua can yake zubawa. A cikin 'yan ajinku ban san ko akwai wanda aka haifa kusa da aikin nan kamar kai ba.

Saboda haka kafin ranar da za ka kai kanka, ka bar Gashua ka je Dagona wurin Baffanka Gambo. Ya tsufa, amma bakinsa bai tsufa ba, zai yi maka dariya son ransa, ka ƙyale shi. Ka ce ya sa a fita da kai cikin ciyawar kacalla da ta cika fadama, ka riƙe gora da kanka har hannunka ya yi kanta. Rabonka da kwale-kwale tun kana firamare, kuma laifina ne, ni na riƙa hana ka don kada ka ɓata kayan makaranta.

Saura maganar waya. Jiya bayan la'asar na kira Bitrus. Na kira shi ne ban san abin da zan ce ba, don kwana biyun nan in na dubi mahaifiyarka sai in ji duk hujjojina sun zama surutu. Ya ɗauka da fara'arsa, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon gwiwata, ya ce har yanzu yana bi na bashin kifin banda na Nguru. Kafin in kawo maganar shi ya kawo ta.

Ya ce, "Mutumina, na ji an tura autanka tafki. Kana so in yi magana? Kalma ɗaya ce."

Na juya na dubi bakin ƙofa, sai na ji ya ce, "Kana ji na?"

Na ce, "Bitrus, ka san ni ne aka cire aka sa ka, wancan lokacin?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Haba, Ali! Kowa ya sani. Shekarar farko kullum sauro ya cije ni sai na ambaci sunanka, kuma ba da alheri ba. Daga baya na daina." Sai ya sassauta murya ya ce, "Amma wannan daban, wancan daban. Ni ma uba ne. In ka ce a cire shi, gobe za a cire shi, ba kuma zan ga laifinka ba."

Na ce, "In an cire shi wa za a sa?"

Ya ce, "Wani."

Na ce, "Bar shi."

Ya ce, "Ka faɗa wa uwarsa?"

Na ce masa tana tsaye a bakin ƙofa, tana ji.

Da na ajiye wayar ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, in wani abu ya sami yaron nan..." Ba ta ƙarasa ba. Na ce mata na sani. Kuma na sani ɗin, Modu. An miƙo mini hanyar fitar da kai, ni na mayar da hannuna. In alheri ya biyo baya, naka ne, kai ka yi aikin. In wani abu ne daban, Allah Ya kiyaye, ba sai kowa ya tuna mini wanda ya ce a bar shi ba. Ina jin tsoro, ban taɓa jin irinsa a kan kaina ba. Na faɗa maka ne don kada ka zaci taurin zuciya ne ya sa na yi abin da na yi. Kana da ikon yin fushi da ni, ka yi, amma ka tafi da shi wurin aiki, kada ka zauna da shi.

Yau da safe na fito zan kai takardar nan tasha, na tarar da ƙullin kaya a bakin ƙofar ɗakina. Mahaifiyarka ce ta haɗa: yaji, kilishi, man shafawa, da sabon gidan sauro. Ta ce in haɗa da takardar in ba direba. Ta ce, "Ka ce masa ya riƙa ɗaurawa. Sauron tafki ba irin na Nguru ba ne." Maganar da ta yi mini ke nan tun tafiyarka in ban da ta jiya, shi ya sa na buɗe ambulan na ƙara wannan. Direban zai kai maka kayan gidan Gwaggonka. Ka kira mahaifiyarka in sun iso, ita dai, ko ba ka kira ni ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare waɗanda za a ba ka amanarsu, Ya rufe idon mugu daga jirginku. Allah Ya sa ka ga yashi tun kafin ka hau shi. Ya dawo mana da kai da ƙafafunka, ka same mu da rai. Ka gaida Gwaggonka, ka gaida Baffanka in ka je.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Ali.